Shin PowerPoint tana taimakon mai jawabi ne ko cutar da shi take yi?

Tambaya: Wani matashin malamin gona da ke zagaya ƙauyukan yankin Haɗeja da Auyo ya rubuto yana cewa ofishinsu ya ba shi kwamfuta da ƙaramin majigi, tare da shafukan PowerPoint kusan 40 da aka shirya da Turanci, aka ce ya riƙa haska wa manoma a wurin taro. Tun da ya fara, mutanen da a da ba sa barinsa ya numfasa saboda tambayoyi sun koma yin shiru, wasu dattawan ma gyangyaɗi suke yi. Wani na gaba da shi ya ce ya ajiye na'urar ya koma ga bakinsa, wani kuma ya ce yin haka komawa baya ne. Yana so a gaya masa gaskiya: wannan manhaja taimako ce ko cuta?

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka lura da shirun mutanenka har ya dame ka, domin da yawa daga cikin masu tsayawa gaban jama'a suna ɗaukar shiru a matsayin shaidar an gane. Na daɗe ina horar da malaman gona da ma'aikatan lafiya na karkara a kan yadda ake isar da saƙo, kuma a wannan batu ba zan tsaya maka a tsakiya ba. Manhajar tana da babban amfani a wuri guda, wato wurin nuna abin da baki ba zai iya siffanta shi har ya gamsar ba, kamar kamannin tsutsa, ko launin ganyen da cuta ta kama, ko taswirar yadda ruwa ke bi daga babban magudani zuwa gonaki. In ba a nan ba, musamman idan maganar da za ka faɗa ce aka rubuta a bango kana bi kana karantawa, cutarwarta ta fi amfaninta, kuma a irin taron da kake yi cutarwar ta ninka wadda ake samu a ofis. Abokan aikinka biyu kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma na farkon ya fi kusa da ita.

Ya kamata ka san don su wa aka ƙera abin tun asali. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka samar da PowerPoint a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka fitar da ita a 1987, kuma a cikin wannan shekarar kamfanin Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Waɗanda aka yi ta dominsu su ne ma'aikatan kamfanoni masu zama a ɗakin taro, mutanen da duk suna karatu da harshe guda, suna da wutar lantarki, kuma sun riga sun san kan zancen kafin a fara. Shi ya sa har yau idan ka buɗe sabon shafi, abin da take miƙo maka shi ne gurbin kanu a sama da gurbin gajerun layuka masu ɗigo a ƙasa, kuma haka 'yan'uwanta suke, su Keynote da Google Slides da WPS ɗin da ke cikin wayoyinmu. Ba wanda ya tilasta wa kowa cike waɗannan guraben, sai dai ɗan'adam abin da aka miƙo masa yake karɓa, sai ka ga mutum mai magana mai daɗi da ma'ana ya daddatsa tunaninsa zuwa guntayen kalmomi, ya zubar da "saboda" da "amma" da "idan", alhali su ne suke ɗaure magana ta zama hujja.

Akwai dalili a halittar ƙwaƙwalwa da ya sa karanta wa mutane rubutun da suke kallo ba ya aiki. Wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe sabon abu kafin ta adana shi ɗan ƙarami ne, abubuwa kaɗan yake ɗauka a lokaci guda. John Sweller na wata jami'a a birnin Sidni na Ostireliya ya gina nazarinsa a kan wannan tun shekarun 1980, shi kuma Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya yi gwaje-gwaje da dama da ɗalibai, yana koya musu abubuwa irin su yadda walƙiya ke samuwa da yadda birkin mota ke aiki. Abin da ya yi ta fitowa shi ne, ɗaliban da aka nuna wa zane ana yi musu bayani da baki sun fi fahimta a kan waɗanda aka nuna wa zanen, ana bayanin, sannan kuma an rubuta bayanin kalma da kalma a kan allo. Hoto da murya suna tafiya tare, domin ɗaya ta ido yake shiga ɗaya ta kunne. Rubutu da murya kuwa dukkansu kalmomi ne, ƙofa guda suke nema, kuma tun da ido ya fi bakin mai jawabi sauri, mai karatu yakan riga ka kaiwa ƙarshen shafi, ya zauna yana jiranka, hankalinsa ya tafi wani wuri. Mayer ya kuma nuna cewa kayan ado da ba su da alaƙa da darasi, irin su hotunan ƙawa da sauti da rubutu mai tsalle, suna rage fahimta. Abin da bai hana ba shi ne 'yar gajeruwar alama a jikin zane, ko suna guda mai wuyar ji, ko adadi guda da ake so a riƙe.

A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun tattara sakamakon bincike 48 da aka yi a kan koyarwa da PowerPoint idan aka kwatanta da koyarwa ta hanyar da aka saba, suka tarar kusan babu wani bambanci a abin da ɗalibai suka koya. Ka lura waɗannan ɗalibai ne masu karatu da rubutu, a azuzuwa masu wuta. Idan a can ma manhajar ba ta ƙara komai da kanta ba, to kada wani ya sa ka ji kamar kana tauye manomanka idan ka rage amfani da ita.

Yanzu mu zo kan mutanenka, domin a nan ne shirun da ka gani yake da tushe. A taron manoma na ƙauye za ka sami wanda ke karanta boko da Hausa, da wanda ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa da ajami amma bai yi boko ba, da wanda ba ya karanta ko ɗaya, sai kuma 'yan matasa ƙalilan da ke iya bin Turanci. Idan ka haska shafi cike da Turanci a gaban waɗannan bayin Allah, ba wai kawai ba su amfana da shi ba ne. Ka sanar da su, ba tare da ka yi niyya ba, cewa wannan ilimi na wasu ne, su 'yan kallo ne. Dattijon da ya shekara arba'in yana noman shinkafa a fadama, wanda ya fi ni da kai sanin ƙasarsa, ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya a gaban 'ya'yansa a kan abin da ake nunawa bai iya karantawa ba. Kunya da girma za su rufe masa baki. Shirun nan ba na gamsuwa ba ne, kuma asara ce babba a gare ka, domin tambayoyin manoma su ne hanyar da malamin gona yake sanin abin da ke faruwa a gonaki.

Ga kuma abin da na'urar ke yi wa jikin mai magana. Jawabin Bahaushe ba na mutum guda ba ne. Kana faɗa ana amsa maka da "haka ne" da "ƙwarai kuwa", kana duban fuskoki kana gane wanda ya yarda da wanda ya ɓata rai, ka ga mai unguwa ya sunkuyar da kai ka san ka taɓo wani abu, sai ka ja da baya ka kawo misali. Da zarar majigi ya kama, abu uku sukan faru tare. Ana rufe tagogi ko a jira duhu, sai fuskokin su ɓace maka. Idanun jama'a su bar ka su koma bango. Kai kanka kuma sai ka juya kana duban bangon don ka ga abin da ke biye, ka ba dattawa baya kana magana, abin da ba za ka taɓa yi a zauren dagaci ba. Sannan shafukan sun riga sun jeru daga na ɗaya zuwa na arba'in, sai mai jawabi ya zama yana gaggawar ƙarasa su, idan manomi ya kawo tambaya a ce masa a bari a zo wurin, kafin a zo wurin kuwa zuciyarsa ta huce.

Na taɓa zama a bayan wani aji na makarantar firamare a yankin Kadawa, inda wani matashi mai ƙwazo yake yi wa manoman tumatir bayani a kan ƙwaron nan da suke kira sharon, wanda ya yi mummunar ɓarna a gonakin Kano da Kaduna a 2016. An toshe tagogi da tabarmi, janareta yana ruri a waje, zafi ya cika ɗakin, shi kuwa yana karanta shafi bayan shafi: sunan ƙwaron a kimiyyance, asalinsa daga Kudancin Amurka, matakan rayuwarsa. Mutane suna fifita da hula, ba mai cewa uffan. Can sai ya danna, wani hoto ya cika bango: ganyen tumatir guda, an ɗauko shi kusa ƙwarai, ana ganin farin tabon da tsutsar ta rarake tsakanin fatar ganyen, da ita kanta a kwance a ciki. Wani dattijo ya miƙe daga kan benci, ya tako har gaban bangon, inuwarsa ta rufe rabin hoton, ya ɗora yatsa ya ce, "Wannan ce. Ashe a ciki take kwana, shi ya sa muke feshi ba ta mutuwa." Nan take ɗakin ya ɗauki magana, kowa yana faɗin abin da ya gani a gonarsa, da maganin da ya saya, da kuɗin da ya kashe. Majigi guda ne, mutum guda ne, zama guda ne. Shafukan rubutun sun kwantar da ɗakin, hoto guda ya tashe shi, kuma dattijon da kansa ya ciro darasin da matashin ya zo koyarwa.

Idan kana neman tsarin da za ka bi tsakaninka da allon, dubi yadda ake tafsiri da azumi. Mai jan baƙi yakan karanto aya ya yi shiru, malam ya ɗauka ya yi bayani yana fuskantar jama'a, idan ya gama sai ya yi ishara a jawo ta gaba. Ba sa magana a lokaci guda, kuma malam ne ke riƙe da linzami, shi ke cewa a tsaya ko a maimaita ko a wuce. Haka ya kamata allon ya kasance a wurinka: ya kawo abu guda, ka yi shiru na ɗan lokaci mutane su kalla su ƙoshi, sannan ka yi magana.

Ba na so ka fahimci cewa ina raina hoto. A aikinka akwai abubuwan da in ba da shi ba sai ka sha wahala. Ɗauki tsutsar masarar nan da aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016. Ana gane ta da wata alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiyarta, da kashinta mai kama da dusar katako da take tarawa a tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa. Ko ka kwana kana siffanta wannan da baki, kowane manomi wata tsutsa daban zai zana a ransa, amma idan ka haska ta ta kai girman hannun mutum, an gama. Haka bambancin ganyen da ya rasa taki da wanda cuta ta kama, ko gona biyu maƙwabta, ɗaya wuta-wuta ta cinye dawarta ɗaya kuma an juya ta da waken suya, ko gona guda a lokacin shuka da lokacin bunƙasa da lokacin girbi, watanni huɗu a cikin minti guda. A irin waɗannan wurare ne gani ya kori ji. Ganin abu ake nufi, ba ganin rubutu a kan abu ba.

Mutanenmu kuma ba baƙin majigi ba ne, tun zamanin Turawan mulki ake zagayawa da mota ana haska fim a ƙofar fada a kan tsafta da noma. A ƙaramar hukumar Gezawa an taɓa yin wani gangamin wayar da kai a kan rigakafin shan inna ta wannan hanya, ana nuna hotuna da fim a bainar jama'a sannan a tattauna, kuma masu bin diddigin aikin sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da aka yi wa rigakafi. A Indiya da Habasha ƙungiyar Digital Green tana ɗaukar gajerun bidiyo na manoman yanki suna yin aiki da hannunsu suna bayani da harshensu, a nuna wa ƙananan ƙungiyoyi da ɗan majigi mai batir, wani ɗan gari yana tsayar da fim ɗin yana tambayar mutane abin da suka gani. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, abin kallo ake nunawa, da harshen gida, kuma akwai mutum a tsaye yana jan zance.

Duk da haka, kafin ka nemi hoton abu ka tambayi kanka ko za ka iya kawo abin da kansa. Buhun adana wake na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ba da shafuka ya shiga ƙauyukanmu ba. Ana cika shi da wake a gaban jama'a, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ajiye, bayan watanni a sake tara mutane a kwance a gabansu, kowa ya damƙi waken ya ga ba huda. Ƙungiyar Sasakawa, wadda take aiki a Nijeriya tun 1992, da gonar gwaji ta koya wa manoman Kano da Jigawa tazarar shuka da binne taki. Idan za ka koyar da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, igiya mai ƙulli da kara biyu da aka yanka daidai awo sun fi kowane shafi, domin manomi zai tafi da karan gida. Idan adadin kamfa ko yuriya ne a gindin shuka, murfin kwalbar lemo a tafin hannu ya fi jadawalin kilo a hekta, tun da mutanenka da buhu da tiya suke lissafi. Hoto yana zuwa ne a inda abin ya yi ƙanƙanta, ko ya yi nisa, ko ba lokacinsa ba ne.

Akwai wata cutarwar da ba a ƙauye za ka gamu da ita ba, sai ranar da aka kira ka Dutse ka gabatar da rahoto a gaban manya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, domin tunanin mai shirya jawabin take taɓawa. A ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tashi, wani ɓallin soson da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana can sama injiniyoyi suka gabatar wa shugabanni nazarinsu a shafukan PowerPoint. Kanun ɗaya daga cikin shafukan mai kwantar da hankali ne, amma can ƙasa, a cikin ƙananan layuka, an rubuta cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya wuce duk abin da aka taɓa gwadawa, kuma alƙaluman da ke wurin sun nuna ya ninka na gwajin kusan sau 640. A ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, 'yan sama jannati 7 suka mutu. Edward Tufte na Jami'ar Yale ya warware wannan shafi layi-layi ya nuna yadda tsarinsa ya binne magana mafi muhimmanci, kuma kwamitin da ya binciki hatsarin ya soki yadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta saba amfani da shafuka a maimakon cikakken rahoto a rubuce. Ba manhajar ce ta kashe mutanen ba, kwamitin ya ɗora laifi mai yawa a kan al'adar aiki ta hukumar, amma tsarin guntayen layuka ya ba da damar a faɗi abu mai hatsari ba tare da wani ya ji nauyinsa ba. Irin wannan dalili ne ya sa Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya hana amfani da shafukan PowerPoint a taron manyan ma'aikatan kamfanin Amazon tun 2004, ya ce a rubuto bayani cikakke, wanda ya zama na shafi shida, kowa ya zauna ya karanta shiru a farkon taro kafin a buɗe baki. Mutum yana iya rubuta "ƙarancin taki, ambaliya, tsadar iri" a layi uku bai san wanne ya haifi wanne ba, amma ba zai iya rubuta cikakkiyar jimla a kansu ba sai ya sani. Don haka ranar da za ka je gaban manya, ka rubuta rahotonka a takarda da jimloli cikakku ka miƙa, ka bar wa allon taswira da hotunan gonaki da jadawali guda mai sauƙi.

Game da shiri, shawarata ita ce kada ka buɗe kwamfuta sai a ƙarshe. Ka fara da tambayar kanka abu guda da kake so manomi ya yi daban idan ya koma gona gobe, ka faɗe shi da Hausa a jimla ɗaya. Sannan ka yi jawabin da baki, a tsaye, ko a gaban wani ɗan'uwanka da ba malamin gona ba, ka lura da wuraren da ka kama kanka kana cewa "wani abu ne kamar" kana zana iska da hannu. Waɗannan wuraren su ne masu buƙatar hoto, kuma da wuya su wuce biyar ko shida a zama guda. Na san wasu matasa suna jingina da shafuka ne saboda tsoron kada su manta abin faɗa a gaban dattawa, kuma tsoro ne mai dalili, sai dai maganinsa 'yar takarda ce a tafin hannu mai kanun zance, ba bangon da kowa ke kallo ba. Hotunan kuma ka ɗauke su da wayarka a gonakin yankin, da izinin masu su, domin manomin Auyo idan ya ga ƙasa irin tasa da mutum mai shiga irin tasa ya fi yarda cewa abin zai yiwu a wurinsa.

Wasu 'yan dabaru na na'urar za su mayar maka da linzami. Lokacin da kake nuna shafuka a PowerPoint, idan ka danna harafin B allon zai yi baƙi, idanu su dawo kanka, ka sake dannawa hoton ya dawo. Ka saba da wannan maɓalli fiye da kowanne. Idan ka buga lambar shafi ka danna Enter za ta kai ka can kai tsaye, saboda haka ka rubuta lambobin hotunanka a takarda, duk wanda tambaya ta nema ka kira shi, ba sai ka bi jeri ba. Ka ajiye kwamfutar a gabanka ta yadda za ka ga abin da ke bango ba tare da ka juya ba, ka tsaya a gefe kana fuskantar mutane. Idan dole ne a yi rubutu, ya zama da Hausa, kalma biyu ko uku manya, ka je can ƙarshen taro ka duba ko ana iya karantawa, kuma ba laifi ka sa wani almajiri mai kyan hannu ya rubuta maka shi da ajami a kwali. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe su zama akwatuna idan aka buɗe fayil a wata kwamfutar da ba ta da irin salon haruffan, shi ya sa ya fi aminci ka ajiye kwafi a matsayin PDF. Ƙaramin majigi kuma ba ya iya ja da hasken rana, a gindin darbejiya da hantsi ba abin da za a gani, don haka ko dai a yi zaman bayan sallar isha'i a jikin farin bango ko farin ƙyalle, ko kuma ka buga hotunan nan biyar manya a takarda, a lulluɓe su da leda, su riƙa zagayawa hannu zuwa hannu. Sau da yawa na fi son wannan na biyun, domin mutum yana riƙe hoton yana juya shi yana nuna wa na kusa da shi, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta ko ƙarewar fetur.

Kada ka manta da mata. Su ne suke yawan sarrafa amfanin gona da adana shi da kiwon ƙananan dabbobi, kuma galibinsu ba za su fito kallon majigi da dare a ƙofar gidan dagaci ba. Idan saƙon ya shafe su, sai a shirya musu zama a cikin gida da rana ta hannun ma'aikaciya mace, kuma a can hotunan takarda ko gajeren bidiyo a waya, wanda za a iya tura wa wasu, sun fi dacewa.

Saura batun shafuka 40 na ofis, wanda na san shi ne ya fi tsaya maka a rai tun da umarni ne. Kada ka yi jayayya a kan na'urar, kuma kada ka watsar da shafukan, domin akwai ilimi a cikinsu. Ka ɗauke su a matsayin littafinka na shiri, ka karance su ka narkar da su, ka ciro hotunan da suka dace. Sannan ka kai wa shugabanka shaida maimakon ra'ayi. Ka zaɓi ƙauyuka biyu masu kama da juna, a ɗaya ka gabatar da darasin yadda aka ba ka shi, a ɗayan ka yi shi da baki da hotuna kaɗan da kayan aiki a hannu. Bayan mako guda ka koma kowanne, ka sami wasu daga cikin waɗanda suka halarta a gonakinsu, kada ka tambaye su ko sun gane, domin ladabi zai sa su ce sun gane. Ka ce su nuna maka tsutsar a jikin masara, su auna maka tazarar shuka, su gaya maka lokacin da ya dace a yi feshi da inda za a saita bakin famfo. Ka rubuta mutum nawa suka iya a nan da nawa suka iya a can, ka haɗa da yawan tambayoyin da aka yi maka a kowane zama da irinsu, ka sa a rahotonka na wata.